Shekarar da Babanku Ya Kashe Wutar Inna

Ranar addu'ar arba'in ɗin babanku, ina daga cikin ɗaki na ji kawunku Isa yana ba ku labari a tsakar gida. Ya ce Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, sai dai ya taɓa yi wa surukarsa abin da ba a yi, har ta bar Suleja ba ta sake takowa ba. Ban fito ba, don ina cikin takaba, kuma ba na so in yi musu da yayana a gaban baƙi. Amma Isa yana Malumfashi lokacin da abin ya faru. Ni ce nake nan, kuma a kaina aka yi. Ke Bilkisu, a shekarar aka haife ki, ga shi ke ma haihuwarki za ta faɗo cikin sanyi. Shi ya sa ba zan tsallake wannan wurin ba, ko da yake babanku bai taɓa so a tayar da shi ba.

Da muka dawo Suleja, babanku yana aikin famfo a gine-ginen Abuja, muka kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya. Na zo da barguna biyu da tsoron sanyi irin na mutanenmu. A Malumfashi in ɗari ya kankama, ruwan randa ba ya taɓuwa da safe, diddige ya tsage, tsofaffi su wuni a bakin wuta. Sai na tarar da na Suleja wani iri ne. Yana zuwa da asuba, ya ɗan ciji kunne, kafin hantsi ya tafi abinsa, da azahar kuma sai ka nemi inuwa. Na riƙa leƙen masu tafiya aiki Abuja da sassafe, kowa da rigar sanyi da hula har kunne, sun kewaye mai shayi, ina dariya a raina. Na ce wa babanku waɗannan da za a kai su garinmu mako guda, da sun gudo. Ya ce in bar su, kowa da sanyin da ya sani.

Tun ina yarinya abin sanyi yake ɗaure mini kai. A wajen Inna, mahaifiyata, sanyi ba yanayi ba ne kawai. Abu ne mai shiga jiki ya zauna. Yana shiga ta tafin ƙafa, yana shiga ta kunne, kuma mace in ta haihu duk jikinta a buɗe yake, ko ta ina zai iya shiga. In ya shiga bai fita ba, shi ne ciwon ƙafa na tsufa, shi ne kumburi, shi ne tari. Na taɓa tambayar ta a ina yake zama in ya shiga, a ciki ko a ƙashi. Ta ce in na girma zan daina tambayar banza. Na girma ban daina ba.

Haihuwar yayanku Aminu a gida na yi ta, kamar yadda ake yi wa ta fari. Na yi wankan jego cikakke, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, na sha kunun kanwa, na kwanta a gadon ƙasa da ake hura wa wuta ta ƙarƙashi. Na gama arba'in lafiya lau, har na yi ƙiba. Ina faɗa muku wannan don kada ku ɗauka Inna ba ta san abin da take yi ba. Haka aka yi mata, haka ta yi wa mata da yawa a unguwarmu, kuma yawancinsu sun tashi garau.

Da cikin Bilkisu ya tsufa, Inna ta ce ba za ta bar ni in haihu cikin ɗari a hannun baƙi ba. Ta taho da gero, da kayan yaji, da ƙullin kanwa wanda ya kusa kai kan jariri girma. Washegarin haihuwa ta sa aka sayo ƙatuwar tukunya da itace, ta kafa murhu a bayan ɗakinmu. Da ta ga babu gadon ƙasa, sai ta zuba garwashi a kasko ta tura ƙarƙashin gadon ƙarfe, ta toshe taga da tsumma. Ɗakin rufin kwano ne. Da rana ta ɗaga sai ya zama kamar tanda, amma Inna tana cewa ai ɗari ne, wata ba ya ƙarya. A lissafinta tana Malumfashi.

Maƙwabciyarmu a gidan, Maman Ladi, Gbagyi ce 'yar asalin nan, mai sayar da doya, ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta tsaya ta ga tururin da ke tashi daga tukunyar.

"Inna, wannan wanka ne, ko dafa ta za ki yi mu ci da doya?"

"Ku ai ba ku san sanyi ba," in ji Inna.

"Mun san shi mana. Shi ma ya san mu. Ba ya daɗewa a nan, yana da aiki a garinku."

Inna ta yi dariya, don tana son Maman Ladi, amma ba ta rage ko itace ɗaya ba. Ni kuma daga baya na ja Maman Ladi gefe na tambaye ta yadda suke yi in sun haihu. Ta ce suna gasa jiki da ruwan zafi su ma, amma ba wanda zai saɓule fata ba, kuma ba su san wannan kunun mai kanwa ba. Na yi ta juya abin a raina. In sanyi yana shiga kowace mai jego, me ya sa bai kashe matan Gbagyi ba? Ban kai wa Inna tambayar ba.

Shi babanku, tun ranar da Inna ta sauka ya kwashe tabarmarsa ya koma shagon wani abokinsa. Kun san shi da kunya, amma ba ku ga yadda yake da Inna ba. Bai taɓa cin abinci a inda take ba, bai taɓa kallon fuskarta ba. In zai gaishe ta, tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Ita ma ta juya gefe ta amsa. In suna da magana, ni ce a tsakani, ko da suna jin juna.

Bayan suna da kwanaki na fara jin wani abu. In na kwanta sai numfashi ya ƙi, sai na tashi zaune. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na tsaya na huta. Ƙafafuna suka cika. Wata rana na danna yatsa a ƙwaurina, na ɗauke, sai na ga ramin ya zauna kamar a cikin tuwo. Wallahi ban ji tsoro ba a lokacin, mamaki na ji. Na yi ta dannawa ina kallo, na kira Inna ta zo ta gani. Fuskarta ta canza nan take.

"Kin gani ko? Ya shiga. Na ce miki ki daina taka ƙasa ba takalmi."

Daga ranar ta ƙara kanwa a kunu har yana ɗaci, ta ƙara wuta, ta ƙara garwashi a kasko. Ni kuma kullum sai ƙara cika nake yi, ga tari.

Babanku ne ya ce a kai jaririya rigakafi, kuma shi zai raka mu. Da muka isa asibiti sai ya wuce da ni wajen likita. Likitan mutumin Arewa ne, ya saurari ƙirjina, ya danna ƙafata kamar yadda nake yi, bai ko tambaye ni ba ya ce:

"Wanka da kunun kanwa ko?"

Na ce e. Ya ce zuciyata ce ta gaji. Kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar gishiri, zafin kuma yana sa zuciya aiki fiye da kima, alhali ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Ba kowace mace yake kamawa ba, amma wadda ya kama, in aka ci gaba, ana iya rasa ta. Sai babanku ya ce:

"Likita, kamar injin jan ruwa ke nan da aka ɗora wa gidan da ya fi ƙarfinsa?"

"Kamar haka. In ka ji yana kuka, ba ƙara masa za ka yi ba."

Ni kuma na yi tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce to sanyin fa, a ina yake a jikina? Ya yi murmushi, ya ce bai gan shi ba. Ya ce sanyi gaskiya ne, yana kawo mura, yana wahalar da jarirai da tsofaffi, don haka in sa kaya masu kauri, in sa safa, in rufe wa jaririya kai, in yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki. Amma a daina kanwa, a daina tafasasshen ruwa, a fitar da garwashi daga ɗaki a buɗe taga, don hayaƙinsa ma kisa yake yi a rufaffen ɗaki. Ya so ya kwantar da ni, na roƙe shi ya bar ni in je gida tukuna. Ya ba ni magani, ya ce wa babanku kada ya yi wasa.

Da muka koma na faɗa wa Inna duk abin da aka ce, a hankali, ina zaɓen kalma. Ta saurara har na gama.

"Shi likitan ya taɓa haihuwa?"

Sai ta zauna a bakin gado ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Tana da ƙanwa, Asabe, wadda ta haihu cikin ɗari a wani ƙauye. Ta kumbura kamar yadda na kumbura, ta rasu kafin arba'in. Tsofaffi suka ce wankan ne bai yi zafi sosai ba. Inna tana budurwa lokacin, ita ce mai hura wutar. Ta ce tun ranar ta yi alkawari ba za a sake cewa wutarta ta yi kaɗan ba. Na daɗe ina tunanin Asabe. Ban sani ba ko ƙarancin wuta ne ya kashe ta ko yawanta, kuma babu wanda zai iya faɗa mini yanzu. Abin da na gane a ranar shi ne, Inna da likita abu ɗaya suke tsoro, kuma kowannensu yana ganin maganin ɗayan shi ne ajalina.

Kada ku ɗauka babanku ya tashi kawai ya yi abin da ya yi. Ya bi duk hanyar da mai kunya zai bi. Ya roƙi matar mai gidan hayarmu, wata dattijuwa, ta je ta yi wa Inna magana. Ta shiga, Inna ta zuba mata kunu, suka fito suna ba juna labarin jegon da suka yi a zamaninsu, dattijuwar tana cewa a ƙara mini ganye. Ya sa Maman Ladi ta ɗauke ƙullin kanwar ta ɓoye cikin doyarta. Inna ta yafa mayafi ta tafi kasuwa ta sayo wata. Ni kuwa ina shan maganin likita a ɓoye, ina shan kunun Inna a fili. In ta ce tashi, sai in tashi. Uwata ce, kuma ban taɓa ce mata a'a ba.

Ranar da abin ya faru, rana ta ɗan fito, ruwa ya tafasa, Inna ta kira ni. Na taso na kai bakin ƙofa, sai ƙafafuna suka ƙi. Na zauna a dokin ƙofa ina jan numfashi kamar wadda ta yi gudu. Ina jin Inna tana cewa in daure, in na shiga ruwan zan ji daɗi. Sai ga sallamar babanku. Ashe ya je tasha zai tafi aiki, yana kallo mota ta cika ta tashi, hankalinsa bai bar shi ya shiga ba. Ya cire takalmi a zaure kamar kullum, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Ya dube ni. Sannan ya miƙe, ya ɗauki bokitin ruwan sanyi da ke gefen rijiya, ya wuce ta gaban Inna, ya juye shi a murhun.

Ƙarar da wutar ta yi har yau tana kunnena. Toka da tururi suka tashi, Maman Ladi ta fito da wuƙar fere doya a hannu ta tsaya. Babanku ya ajiye bokitin, ya dawo ya durƙusa a gaban Inna, kusa, ya ɗaga kai ya dube ta. Ban taɓa ganin haka ba.

"Inna, ki yafe mini. Ba za ta sake shiga ruwan nan ba."

Inna ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Hajara, gaya wa mijinki ni na haife ki."

"Na sani, Inna," in ji shi.

Sai ta juyo, karo na farko tun da aka ɗaura mana aure ta yi masa magana kai tsaye.

"In sanyi ya kashe ta fa?"

"To ni ne na kashe ta. Ki faɗa wa kowa haka, ba zan musa ba."

Ruwan tukunyar yana nan da zafinsa, ko ba wuta zai yi wanka. Ta ɗauki ganyen ta riƙe, ta ce mini:

"Ke fa? Za ki tashi ko za ki zauna?"

Wannan shi ne abin da kawunku bai sani ba. Ba babanku kaɗai ba ne. Ina iya rarrafawa in je, na yi hakan a jiya da shekaranjiya. Na dubi Inna, na dubi ƙafafuna, na zauna. Ban ce komai ba, amma ta ji.

Washegari ta ɗaure kayanta. Babanku ya miƙa hannu zai ɗauka, ta janye. Maman Ladi ce ta saɓa ƙullin kayan a kafaɗa irin yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya, ta raka ta tasha, shi kuma yana biye da su daga nesa har motar ta tashi. Kafin ta fita ta ɗauki Bilkisu, ta gyara mata hula, ta tofa mata addu'a, ta ajiye ta. Ni ba ta ce mini komai ba sai "Allah Ya ba da lafiya."

A ranar aka kwantar da ni a asibiti. Na yi kwanaki, ruwan ya sauka, numfashi ya dawo. Ban san irin zaman da babanku ya yi a kwanakin nan ba sai da Maman Ladi ta gaya mini. Ta ce ko tari na yi sai ya miƙe tsaye. Ya ɗauki maganar da ya yi wa Inna da gaske. Da na mutu, da ya je Malumfashi da ƙafarsa ya ce shi ne.

Da na dawo gida, shi ya karɓi aikin ruwa. Kullum kafin ya tafi tasha zai dafa, ya surka, ya naɗe hannun riga ya tsoma gwiwar hannunsa. Na tambaye shi me ya sa ba tafin hannu ba. Ya ce tafin hannunsa ya mutu da riƙon ƙarfe, ba ya faɗin gaskiya. Ya sayo mini safa da rigar sanyi a gwanjo, da man kaɗanya na shafa wa ƙafa, ya fitar da kaskon, ya cire tsumman taga. Maman Ladi tana dama mini kunun gyaɗa, tana tsokanarsa wai ya zama ungozoma. Haka muka ƙarasa arba'in. Na zauna ina jiran sanyin nan ya shiga, ina duba ƙafata kowace safiya. Bai shiga ba. Ko kuma ya shiga bai sami wurin zama ba, Allah ne Ya sani.

Inna ba ta sake zuwa Suleja ba, wannan gaskiya ne. Haihuwar ƙannen Bilkisu duk ba ta zo ba, kuma na ji zafin haka fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ba ta yanke ni ba. Zuwana na farko gida bayan abin, muna zaune sai ta jawo ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta danna ƙwaurina da yatsa, ta ɗauke, ta duba. Ba rami. Ta sauke ƙafar ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta ce:

"Mai kashe wuta yana lafiya?"

Sunan da kuka riƙa ji ke nan in mun je hutu, kuka ɗauka zagi ne. Ni kaina har ta rasu ban gane ko zagi ba ne ko wani abu. Ba ta taɓa fasa tambayar ba, shi kuma bai taɓa fasa aika mata da bargo in ɗari ya gabato ba. Na dai ji daga baya cewa da matar Isa ta haihu, Inna ta yi mata wanka, amma kanwar da ta sa a kunu ba ta fi a ɗanɗana ba. Ban tambaye ta dalili ba. Wannan tambayar ce kaɗai na taɓa haɗiyewa da son raina.

Na sha ce wa babanku ya bari in gaya muku. Sai ya ce a'a, kakarku ce, kada a rage ta a idonku, shi ya iya ɗaukar sunan. Ya ɗauka har kabari. Yanzu na gaya muku, kuma ina fata ban rage kowa ba. Ku yi musu addu'a tare.

Bilkisu, kafin ki haihu na fita takaba in Allah Ya yarda, kuma zan zo. Zan zo da safa da man kaɗanya da gyaɗa, ba zan zo da kanwa ba. Ki gaya wa mijinki ya daina ɓuya a mota in ya gan ni. In ya ga na yi abin da zai cuce ki, ya shigo ya faɗa mini, ba sai ya nemi bokiti ba.

Abu ɗaya ne ban iya ba tukuna. Tun daga waccan shekarar, duk sanyin da ya zo, babanku ne yake surka mini ruwa, har bara da hannunsa yake rawa. Ban taɓa lura da yawan da yake zubawa ba. Bana sanyi ya shigo, ina ta gwadawa, wata rana ya yi zafi, wata rana ya yi sanyi. Yau da safe na naɗe hannun riga na tsoma gwiwar hannu kamar yadda yake yi, na tsaya ina saurare. Ya ɗan yi zafi. Na ƙara na sanyi kaɗan.